Malam da Fasa-Ƙwaurin Zafi a Illela

Cikin mutum biyun da suka fara ƙera na'urar auna zafin da sinadarai ke fitarwa, ɗaya mai karɓar kuɗin fito ne. Sunansa Antoine Lavoisier, Bafaranshe. Littattafan makaranta suna kiransa uban kemistirin zamani, amma tuwon gidansa daga haraji yake fitowa, domin tun 1768 ya shiga kamfanin da sarkin Faransa ya ba kwangilar tara haraji. Da ya ga kaya suna sulalewa cikin birnin Faris ba a biya musu ko anini ba, shi ya kawo shawarar a kewaye birnin da ganuwa. A 1784 aka fara gini. Tsawonta wajen kilomita 24, ƙofofinta sun haura 50, kowace ƙofa da masu bincike. Mutanen Faris suka riƙe abin a zuci. Ranar 8 ga Mayu 1794, ana tsakiyar juyin juya hali, aka fille masa kai tare da abokan sana'arsa 27.

Kafin a kai ga haka, a hunturun 1782 zuwa 1783, shi da abokinsa masanin lissafi Pierre-Simon Laplace suka haɗa wasu gwangwanaye uku, wani cikin wani. A na can ciki ake sa abin da za a auna. Na biyu a cika shi da ƙanƙara, na waje ma a danƙara masa ƙanƙara don ya tare ɗumin ɗaki. Duk zafin da abin ya fitar sai ya narkar da ƙanƙarar da ke kusa da shi, ruwan ya ɗiga ta ɗan famfo, a tara a ɗora a sikeli. Har ɓeran Masar suka zaunar a ciki na awa 10, ya narkar da ƙanƙara oza 13. Suka kwatanta shi da gawayi mai ci, suka ce numfashi ma ƙuna ce, a hankali dai take ci.

Dabarar gwangwanayen nan da ta ganuwar duk ɗaya ce: ka shata iyaka, ka toshe kowace kafa, ka ƙirga abin da ya wuce ta ƙofa. Har gobe haka ake auna zafi. Sa'ar da Lavoisier ya yi ita ce ba a taɓa turo shi Illela a watan Afrilu ba.

Illela tana arewa da Sakkwato da kilomita 80 da 'yan kai, in ka bi ta Kware da Gwadabawa. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni ta jihar Tawa a Nijar, 'yan mintoci ne a kan kabu-kabu. Ran Lahadi kasuwa ke ci, shanu da raƙuma da tumaki su sauko daga arewa, gero da masara da kayan masarufi su haura. An rufe iyakar a Agustan 2019, aka buɗe a Disamban 2020, tana cikin guda huɗun farko da aka buɗe. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a Maris na 2024 aka ɗage. Saboda haka duk yaron da ya tashi a garin ya san rufe get daban, rufe iyaka daban.

A wata sakandare ta wannan gari aka taɓa turo wani malamin kemistiri, Bakano. Shi ne mai wannan rubutu, amma zai ci gaba da kiran kansa Malam yadda ɗalibai suke kiransa, domin irin wannan labari ya fi daɗin bayarwa idan aka ce da wani abin ya faru.

Malam ya tarar 'yan aji biyar sun haddace babin entalfi tsaf, suna rera shi baki ɗaya, amma babu wanda ya taɓa ganin ma'aunin zafi ya motsa. Nan take ya ci alwashin kafin zangon ya ƙare sai sun auna da hannunsu.

A takarda abin ba wuya. Idan sinadarai suka haɗu, wasu sukan fitar da zafi, wasu kuma sukan zuƙe shi daga abin da ke kusa da su. Yawan zafin da ya fita ko ya shiga, in a buɗaɗɗen kofi aka yi aikin, shi ake kira canjin entalfi. Wanda ya fita a sa masa alamar ɗebewa, wanda ya shiga a sa masa ta tarawa. Zafi ba ya kamuwa a hannu, don haka ruwa ake sawa ya karɓe shi. Giram ɗaya na ruwa sai ya sha zafi jul 4.18 kafin ya hau digiri ɗaya. In ka san nauyin ruwanka, ka san digiri nawa ya hau, sai ka ninka su, ka sake ninkawa da 4.18, amsa ta fito. Kofin da ake yin aikin a ciki shi ne kalorimita, sharaɗinsa kuma guda ne: kada na ciki ya fita, kada na waje ya shigo.

Littafin ya ƙara da cewa duk alƙaluman jadawalinsa a digiri 25 aka ɗauke su. A Illela, ranar da aka wuni a digiri 25, ranar ake fito da rigunan sanyi. A Afrilu kuwa, kafin a kira azahar an haura 40.

Baba maigadi ya buɗe sito. Aka sami ma'aunin zafi, amma a karye. Aka sami wani, zaren jan da ke cikinsa ya rabu gida-gida. Da aka tambayi kalorimitar jan ƙarfe da ke rubuce a rajistar kaya, Baba ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce shekarun baya dai ya ga wani ɗan kofi ja da ake ɗiban alli da shi.

Malam bai karaya ba. Ya je kemis ya sayo ma'aunin zazzaɓi, irin wanda ake sawa a hammata. Shi wannan daga digiri 35 yake farawa ya tsaya a 42, kuma an yi masa ɗan maƙogwaro a wuya yadda in ya hau ba ya saukowa sai an kaɗa shi. Malam ya ajiye shi a tebur kusa da taga, ya juya yana rubutu a allo. Bai gama layi biyu ba monita ya ɗaga hannu.

"Malam, tebur na da zazzaɓi."

Aka duba, ya kai 42 ya tsaya don babu sauran wurin hawa. Aka kaɗa, ya sauka, aka ajiye, ya koma. Daga nan sai aka aro bindigar auna goshi da ta rage a ofishin shugaban makaranta tun zamanin korona. Ita kuwa fatar mutum kaɗai ta sani. In an nuna ta ga ruwan randa ta ƙi cewa komai, in an nuna ta ga ruwan tanki ta kunna jar wuta ta kama kuka. Kafin Malam ya ankara ɗalibai sun yi layi suna auna goshin juna, har mutum biyu sun gano ba su da lafiya, suna neman izinin tafiya gida.

Ma'aunin gaskiya, mai farawa daga 10 ƙasa da sifili zuwa 110, daga Sakkwato ya zo ta hannun direban mota, an naɗe shi da tsumma an cusa cikin guntun bututun roba. Abokin Malam da ya ba da aronsa ya haɗo da saƙo: in ya karye, zumunci ya karye.

Ran Lahadi Malam ya shiga kasuwa. Ya sayi soda wajen wata inna mai sayar da kayan haɗa sabulu, ya sayi takin yuriya, ya sayi gyada da ƙuli-ƙuli, ya biya wajen mai gyaran batir ya ce a cika masa kwalba da ruwan batir. Ya hau kabu-kabu. Garin iyaka ba ya rasa shinge, kuma a shinge aka ce a buɗe jaka. Ga leda mai farin ɓarɓashi, ga leda mai fararen ƙwayoyi, ga kwalba ba suna, ga bututu an toshe bakinsa da tsumma.

"Malam, mene ne waɗannan?"

"Yallaɓai, sinadarai ne. In aka haɗa su, zafi ne yake fita."

A cikin duk amsoshin da ke duniya, wannan Malam ya zaɓa. Ɗan kabu-kabun ya sauka daga kan mashin ya ja da baya. "Ranka shi daɗe, ni ban san shi ba. Bakin kasuwa niɗ ɗauko shi." Allah ya taimaka akwai wani jami'i da matarsa ke haɗa sabulu, ya gane sodar da ido, wani kuma ɗan manomi ne, ya murza takin ya ce yuriya ce. Katin aiki ya ƙarasa sauran bayani. Gyadar ce kaɗai aka ce sai an ɗanɗana don a tabbatar ba ta da illa, kuma binciken ya ci kusan rabinta.

Saura kofi. Littafi ya ce na soso, irin na shan shayi da ake yarwa. Malam bai samu ba a ranar, sai ya tuna da saitin kofunan silba da ke jere a kabad ɗin uwargida tun na kayan aure. Ya ɗauki ɗaya. Aro ne, illa dai mai kayan ba ta san an yi aron ba.

Gwajin farko, narkar da soda. Giram 40 na soda shi ne mol ɗaya, wato ma'aunin da masu kemistiri ke ƙirga sinadari da shi, kuma in ya narke a ruwa yakan fitar da kilojul 44.5. Ke nan giram 4 a cikin ruwa giram 100 zai hau da shi digiri 10 da rabi. Malam ya rubuta amsar a allo tun kafin a fara, don ɗalibai su ga shi da littafi bakinsu ɗaya. Ya auna giram 4 a ɗan sikelin batir irin na masu awon gwal, ya juya zai zaro ma'aunin zafi daga bututu. Monita ya leƙa takardar, ya ga ɗan abin da ke kai, ya ce a ransa wannan ko hula ba zai wanke ba. Ya ƙara cokali biyu don fitar da Malam kunya.

Aka zuba, aka motsa. Jan zare ya hau digiri 10, Malam ya dubi aji yana murmushi. Ya hau 15. Ya wuce 25. Murmushin ya fara sauka, zaren bai sauka ba. Can sai kumfa ta fara tasowa daga jikin kofin, wani siririn sauti yana fita, cikin kofin yana yin baƙi. Na ɗan lokaci Malam ya yi tunanin ko ya gano wani abu da ya ɓace wa Turawa.

Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, inna ba ta zuba soda cikin silba. Cinye shi taka yi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba ka tambaya ba, Malam."

Gaskiyar innarta. Silba alminiyam ne, soda kuma tana narkar da shi, iskar haidurojin ta fita, kuma wannan cin ma da nasa zafin yake zuwa. Ganuwar da aka gina don tsare kaya ita ce ta shiga sana'ar fasa-ƙwauri. Da Malam ya tuna haidurojin tana kamawa da wuta, ya tuna akwai ashana a aljihunsa, sai ya ba da umarnin kowa ya fita shan iska, cikin natsuwa, shi ne kuma ya riga kowa natsuwa a waje.

Gwaji na biyu da kofin roba aka yi shi. Idan asid mai ƙarfi ya haɗu da soda suka kashe juna, kowane mol na ruwan da suka haifar yakan zo da kimanin kilojul 57, wanda a awon da Malam ya tsara zai hau da ruwan kusan digiri 7. Ya haɗa sabon ruwan soda, ma'auni ya nuna 45. Ya tuttula ruwan batir a kai, ya ce kowa ya zuba ido. Zare ya sauko 40. Aji ya yi tsit. Sai ga ƙarar birurruka, kowa yana rubuta cewa asid da soda sanyi suke haifarwa.

Da yamma Malam ya koma wajen mai batir da kwalba a hannu.

"Yo Malam, ruwan batir kac ce. Iri biyu na, akwai mai ci, akwai na ƙari. Nig gan ka da tabarau da biro, ga ka Bakano, nic ce wanga ba ya iyawa da mai ci."

Tataccen ruwa ya ba shi, wanda babu komai a cikinsa. Ruwan soda mai ɗumi ne ya haɗu da ruwa mai ɗan sanyi suka raba tsakani. A ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, littafin ya ce dole a bar ruwan biyu su huce su daidaita kafin a haɗa su. Malam yana ganin abu mai muhimmanci irin wannan da manyan haruffa ya kamata a rubuta shi.

Yuriya ce ta fara ba da haɗin kai. Masu noman rani a fadamar Kalmalo sun san in ka dama ta a bokiti hannu yakan yi sanyi. Giram 60 shi ne mol ɗaya, kuma yakan zuƙe kusan kilojul 15, don haka giram 12 a ruwa giram 100 ya kamata ya sauko da shi wajen digiri 7. Aka zuba. Daga 36 zare ya gangaro 33, ya gangaro 31, aji ya ɗauki tafi. Kafin ƙwayoyin ƙarshe su narke, zaren ya tsaya, ya yi ɗan tunani, ya juya ya fara hawa.

Malam ya buɗe baki zai yi bayani, ɗalibai suka riga shi. Iskar ajin ta haura 40, ruwan kofi yana 31, kofin ba murfi, robar kuma siririya. Wani ya ce, "Malam, kaya inda sunka yi ƙaranci can suka zuwa." Haka zafi yake, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, ta bango, ta sama, ta jikin cokali, ta hannun mai riƙe da kofi. A ƙasashen sanyi damuwar malami zafin da ke gudu waje. A Illela har da mai shigowa. Shi kansa Lavoisier sai da hunturu yake iya aiki da na'urarsa, lokacin da ɗakin ya kusa daskarewa.

Ganin hankalinsu ya zo wurin, Malam ya kawo musu dokar Germain Hess, wanda ya wallafa ta a 1840 a birnin Saint Petersburg na Rasha. Hess ya nuna jimillar zafin ba ta damu da hanyar da aka bi ba. Ka narkar da soda a ruwa ka sami 44.5, sannan ka zuba asid ka sami 57, ko kuwa ka jefa busasshiyar sodar kai tsaye cikin asid ka sami 101 da ɗoriya a tashi ɗaya. Monita ya gyaɗa kai. "Ko ta get ko ta daji, Malam, Ƙonni dai Ƙonni ta." Malam ya yi shekaru yana koyar da dokar nan, bai taɓa jin wanda ya taƙaita ta haka ba.

Labari ya kai ofis cewa ana abin mamaki a aji biyar. Ranar gwajin gyada sai ga shugaban makaranta da wani babban baƙo daga Sakkwato, cikin farar shadda mai aiki, an kawo shi ya ga yadda ake koyar da kimiyya a aikace.

Malam ya gyara murya ya yi shimfiɗa. Alƙaluman kalori da ake gani a bayan ledar taliya da gwangwanin madara, daga ƙona abinci aka samo asalinsu. A wajejen 1880 wani Bafaranshe, Marcellin Berthelot, ya ƙera tukunyar ƙarfe da ake rufewa ruf, a ɗura mata iskar oksijin, a nutsar da ita a ruwa, a kunna abin da ke ciki ya ƙone ƙurmus ba tare da zafi ya sami hanyar gudu ba. Daga baya Wilbur Atwater na Jami'ar Wesleyan a Amurka ya fitar da lissafin da ake bi har yau: giram ɗaya na sitaci ko furotin kilokalori 4, na mai kuwa 9. Gyada giram 100 tana ɗauke da kusan kilokalori 570. Ƙwaya ɗaya mai rabin giram ke nan tana da kusan kilojul 12, abin da zai hau da ruwa giram 100 digiri 28. Baƙo ya jinjina kai. Malam ya miƙa hannu taga inda ya jera samfura.

Akuyar Baba maigadi tana tsaye a wajen, ƙafafun gaba a kan dakalin taga, tana tauna takardar da aka rubuta "ƙuli-ƙuli". Abin da akuya ta bari, ɗalibai sun riga sun tabbatar ba shi da illa. Da ƙyar aka sami ƙwayar gyada guda a kusurwar leda.

Aka tsire ta da allura, aka kafa allurar a toshiyar kwalba, aka rataye gwangwanin madara mai ruwa a sama, aka tsoma ma'auni. Ashana ta farko iska ta kashe. Tagogin ba gilashi, don haka Malam ya sa ɗalibai suka kewaye tebur da littattafai a hannu. Gyada ta kama. Harshen wutar rawaya ne, yana hayaƙi, mai yana tsartuwa yana ɗiga, gindin gwangwani yana yin baƙi. Wannan baƙin gawayi ne da bai ƙone ba, wato zafin da ba a biya ba. Sauran kuma yana bin gefen gwangwani yana tashi sama, yana gasa fuskokin masu riƙe da littattafai. Zare ya hau digiri 5, ya hau 8. Baƙo ya matso ya sunkuya don ya gani da kyau.

Gyada ɓari biyu Allah ya yi ta. A daidai wannan lokaci ɓarin biyu suka rabu. Ɗaya ya zauna a allura, ɗayan ya faɗo yana ci, ya gangara tebur, ya sauka a kan aikin farar shadda.

Malam mutum ne mai zafin nama. Ruwan da ya fi kusa da hannunsa shi ne na gwangwani, shi kuwa ya sheƙa. Wuta ta mutu. Ma'aunin zumunci ya tashi sama, monita ya cafe shi kafin ya kai ƙasa. Baƙo ya tsaya yana duban gabansa, ruwa da baƙin gwangwani suna bin shadda. Shugaban makaranta ya buɗe baki bai sami abin faɗa ba.

"Malam," in ji baƙon, "digiri nawa aka samu?"

"Ranka ya daɗe, ba a kai ga karantawa ba."

Ya taɓa rigar. "To, ni dai ina jin ya kai 40. Ku rubuta."

Bayan wannan aka yi ta ba Malam shawara. Baba maigadi ya ce a yi aikin cikin randa, tunda ita ke riƙe sanyi. Amma randa ba riƙe sanyi take yi ba, fitar da zafi take yi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe, kuma kowane giram da ya bushe yakan tafi da kusan jul 2,400. Da wannan dabara Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ga mai tumatir alheri ce, ga mai awon zafi kuwa babu abin da ya fi ta ɓarna.

Wadda ta warware matsalar ita ce yarinyar layin baya. Innarta, bayan sabulu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, kuma a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, mai ƙanƙara ta fi kowa sanin hanyoyin da zafi ke bi. Ƙa'idojinta uku ne: a sa abu cikin abu, a cike tsakani da ɓuntun shinkafa, kada a yawaita buɗe murfi. Sannan duk aikin da ya shafi sanyi da sassafe ake yinsa. Abin da James Dewar ya yi ke nan a 1892 da ya ƙera kwalba mai bango biyu wadda ta zama fulas ɗin shayi, sai dai shi iskar tsakanin ya zuƙe maimakon ya zuba ɓuntu.

Aka samo kofunan soso biyu a wani shago, aka cusa ɗaya cikin ɗaya. Aka yanka kwali aka yi murfi, da 'yar huda ta ma'auni. Aka binne su cikin kular abinci da aka cika da ɓuntu. Kular ma ta uwargida ce, amma wannan karon da saninta, da shaida, da wayar Malam a matsayin jingina. Aka bar ruwan ya kwana a aji don ya daidaita da iskar ɗakin. Tun hantsi bai ɗaga ba aka taru. Malam ya auna giram 4, ya sa monita ya zauna a kan hannayensa. Aka zuba, aka rufe, ana juyawa a hankali, mutum ɗaya yana duba agogo, wata tana karanta ma'auni duk rabin minti. Zare ya hau, ya hau, ya tsaya a digiri 10 sama da inda ya fara, ya daɗe a nan kafin ya soma zamewa.

Giram 100 sau 4.18 sau 10, jul 4,180 ke nan daga kashi ɗaya cikin goma na mol. Mol guda, kilojul 41.8. Littafi ya ce 44.5. Ɗan abin da ya rage, kofi ya sha, gilashin ma'auni ya sha, wani ya bi ta hudar murfi, sodar kasuwa kuma ba tatacciya ba ce. Ajin ya kaure da kabbara har malamin aji na kusa ya leƙo ya ga ko wata gobarar ce.

A gida lissafin bai fita da sauƙi haka ba. Uwargida ta ce ita ba ta san entalfi ba, amma ta san kofunan nan shida ne ranar da aka kawo ta. Aka fito da na shidan daga jakar Malam, cikinsa baƙi ƙirin, gindinsa duk ƙananan ramuka. Ta ɗaga shi sama ta leƙa, ta ce tana hango fitila ta ciki. Albashin watan ya san da zancen.

A jarrabawar ƙarshen zango Malam ya sa tambayar da kowane littafi ke sawa: kawo abubuwa biyu da ke jawo kuskure a awon zafi. Amsar da ake nema ita ce zafin da ke musaya da iskar waje, da wanda kofi ke sha. Mafi yawansu sun kawo haka, wasu har da ƙarin bayani kan ɓuntu. Wani ya rubuta iska da akuya, aka ba shi makinsa tunda a gaban shaidu aka yi. Monita kuwa ya rubuta, "Na ɗaya, Malam," ya bar layi na biyu fili.

Malam ya kira shi ofis ya tambayi dalili. Yaron ya durƙusa, ya ce ya yi ta tunani har aka karɓi takarda, na biyun ma Malam na, amma ya ga bai dace a rubuta sunan babba sau biyu ba.

An ba shi rabin maki.